Lambar da Na Rataya a Motar Bakari

Shekara tara ke nan da kashe ƙanena Bakari. Da ana mayar da hannun agogo, abu ɗaya zan warware: zaren da na ɗaura a madubin motarsa.

Bakari direban bas ne a tashar Jimeta. Lokacin da 'yan ta'adda suka kori mutanen garuruwan arewacin jiharmu, ya yi ta kwaso masu gudun hijira zuwa Yola, bai karɓi ko sisi ba. Gwamnatin jiha ta ba shi lambar yabo, ta tagulla, da tambarin jiha a jiki. Ya kawo ta gidanmu a Wuro Hausa, ya jefa cikin akwati ya rufe.

Ni na ciro ta, na ɗaura ta da zare a madubin motarsa. Ina so 'yan tasha su san daga wane gida ya fito.

Ya ce, "Hamma," haka ake kiran yaya a wajenmu, "wannan ba kayan hanya ba ne."

Na ce, "Tsoro kake ji? Gwamna ya ba ka, kai kana ɓoyewa kamar kayan sata!"

Bai saba musu da babba ba. Ya bar ta tana lilo.

Wata mai sayar da kifi da ke cikin motar ita ta ba mu labari. An tare su a hanyar Madagali. Kayan abinci maharan suke kwasa, har sun fara sallamar mutane, sai ɗaya ya hango tambarin. Ya fizge lambar, ya tambayi mai ita. Bakari ya ce shi ne. Suka fasa masa baki da gindin bindiga, suka kwantar da shi a kwalta, suka harbe shi a ƙeya. Sannan suka rataya masa ita a wuya, suka ce fasinjoji su kai wa gwamnati kayanta.

Yanzu motoci na bin hanyar nan kullum. Da yana raye, na san da asuba zai yi lodi, ya yi ta faɗa da masu cika kaya. Waɗanda ya kwaso kuwa sun zama 'yan gari. A unguwar Vinikilang akwai wani magidanci daga cikinsu da bai taɓa wuce ni bai tsaya ya yi wa Bakari addu'a ba. Bai san komai game da madubin ba, ni kuma na kasa faɗa masa.

Ina roƙonku, idan naku ya samu girma ya ɓoye, ku ƙyale shi. Ya fi ku sanin hanyar da yake bi.