Fambel na Kiri

Ranar kasuwa ce a tashar Bakori. Ga wani dattijo gajere mai faɗin kafaɗa, rabin jikinsa a cikin injin tsohuwar motar soja, irin waɗanda ake saya a gwanjo. Koren fentinta ya koɗe, bayanta maƙare da buhunan auduga. Masu audugar, mutanen Gozaki, suna tsugune a inuwarta sun yi jugum, don yau ake rufe awo a Funtua.

Fambel ne, bel ɗin da ke juya fankar injin, ya tsinke. Pius mai sayar da kayan mota yana leƙawa, yana girgiza kai.

"Baba, irin wannan ko a Kano babu shi yanzu. Ka sayar wa maƙera ita kawai, su yi fartanya."

Dattijon bai ko ɗago ba. Ya jawo kiri, igiyar ɗanyar fata, daga ƙarƙashin kujera, ya jiƙa shi da ruwan buta, don in ya bushe zai ɗame. Yana tufka yana gwadawa, ba ya gaggawa. Daga yadda yake tsayuwa, ƙirji a gaba, ina zaton shi ma ya taɓa sa kaki.

Ya ɗaure, ya zagayo gaba, ya zura ƙarfen tayarwa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya murɗa. Ta yi tari, ta yi shiru. Ya gyara tsayuwa ya sake murɗawa, sai ta kama da ruri.

Sannan ya dubi Pius.

"Ni ma da suka sallame ni daga soja, cewa suka yi na gama aiki. Ku hau, jama'a!"