Igiyar Akuya a Shafin Mafarki

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. Ni tsohon malamin dabbobi ne, na ajiye aiki na dawo gidanmu a cikin garin Yola. Shekarun ƙuruciyata a kan hanya suka ƙare, ina bin shanu da allura daga duwatsun arewacin jihar nan zuwa Garwa da Marwa, har Cadi da iyakar Sudan. Da Fulatanci na tashi, Hausa ta same ni a kasuwar Jimeta, Faransanci da Larabcin Shuwa kuma na tsince su a mashayar dabbobi. Yawon ya bar mini wata ɗabi'a da nake ɗauka baiwa ce: ba na ganin abu sai na ce na taɓa ganin irinsa a wuri kaza, ga kuma ma'anarsa a can. Mutane suna sauraro, ni kuma ina jin daɗin sauraron fiye da yadda ya kamaci mai furfura.

Bara ciwon gwiwa ya zaunar da ni wata uku. 'Yata, wadda take koyarwa a Jimeta, ta gaji da ƙorafina, sai ta nuna mini wani labarin zane da ake sakawa a intanet duk ranar Juma'a, ta kuma jefa ni cikin wani zaure na waya inda masu bin labarin suke tattaunawa. Na ce mata ni ba yaro ba ne, ta ce in karanta babi ɗaya in daina. A kwana biyu na karanta arba'in. Labarin wata yarinya ne mai kiwon gajimare a ƙasar da duwatsu ke tashi su yi tafiya da damina. Akwai wasu halittu da ake kira mutanen toka, suna fitowa daga daji su kwashe mutane, kuma tun a babin farko yayan yarinyar ya ɓace. Mai zanen ba ta taɓa bayyana kanta ba, wani laƙabi kawai take sawa a ƙasan shafi.

Abin da ya fi haɗa mu musu shi ne shafin ƙarshe na kowane babi. Yarinyar takan kwanta ta yi mafarki, a zana shi da launin shuni, babu kalma ko ɗaya. Abubuwa uku ne ke ta dawowa: wani dutse mai tsagaggen kai, akushi rufe da faifai tururi na fita, da turke da igiyar akuya a yashe a ƙasa babu akuyar. Wata ma'aikaciyar jinya a zauren ta dage cewa akushin zuciyar yarinyar ce. Wani ɗalibi ya ce dutsen ƙofar duniyar mutanen toka ce, ya kawo hujja shafi takwas. Ni ina gefe ina gyara musu, har suka sa mini suna Baba Farfesa, suna tsokanata cewa ko kaza aka zana sai na ce na yi mata allura a Kamaru. Ina dariya, amma sunan ya shiga kaina.

Wata Asabar da hantsi na buɗe hoton igiyar na ƙara masa girma, sai idon aikina ya tashi. Na san igiyar da aka yanke da wuƙa, na san wadda dabba ta tauna, na san wadda ta tsinke. Wannan kwance ta aka yi da hannu, a natse. Na koma kan dutsen, sai na gane shi sarai, domin na taɓa yin sati biyu a ƙauyen da ke gindinsa ina yi wa awaki rigakafi. Maimakon in rubuta, na danna na ɗauki saƙon murya na kusan minti bakwai. Na ambaci sunan ƙauyen. Na ce mai zanen 'yar can ce, kuma labarin gidansu take bayarwa. Na ce a garuruwan dutsen da na zauna, in mutum ya mutu kife akushinsa ake yi, wanda ake rufe wa abinci yana raye. Sannan na rufe da abin da nake ganin shi ne gwanintata: tun da kwance igiyar aka yi, ba sace yayan aka yi ba, da ƙafarsa ya bi mutanen daji masu bindiga, kuma gidansu sun sani, suna ajiye masa abinci. Zauren ya cika da tafi. Ranar na ci tuwo da daɗi.

Bayan kwana goma sha wani abu, babi bai fito ba. Juma'a ta biyu ma shiru. Sai 'yata ta zo gida da rana tsaka, ba ta ko zauna ba ta kunna mini wani saƙo da wata abokiyar aikinta ta turo mata. Muryata ce, amma an yanke farkon inda nake maganar zane da gajimare. Abin da ya rage dattijo ne mai natsuwa yana kiran sunan ƙauye, yana cewa yaron gidan da ƙafarsa ya shiga daji kuma ana ajiye masa abinci. Ta ce mini saƙon ya zagaya unguwar Mbamba, kuma mutanen wannan ƙauye da ke unguwar gida ɗaya ne tak: wata uwa mai sayar da kunun gyaɗa da 'yarta da kowa ya san tana zane a waya. Sun zo Yola a shekarar da mutanen arewacin jihar suka kwararo mana a ƙafa da bayan manyan motoci, sun yi zaman sansani a Malkohi, daga baya suka sami ɗaki a Mbamba. Yanzu mai gidan ya ba su zuwa ƙarshen wata su tashi, ya ce ba zai jira ranar da za a zo a kewaye masa gida ba.

Duk wanda ya zauna a garin nan a waɗancan shekaru ya san nauyin wannan zargi. Na ga yadda ake kallon baƙo a tasha a Marwa lokacin, na ga irinsa a Jimeta, mutum ya rasa wurin kwana saboda wani ya ce ya ji an ce. Ban taɓa zaton bakin da zai ce ɗin nawa ba ne. Na goge saƙon daga zauren, abin da bai amfana komai ba. Na ɗauki wani saƙon na gyara, mutum goma sha wani abu ne suka saurara, babu wanda ya tura gaba. Washegari na ɗauki sandata na hau keke napep zuwa Mbamba.

Na sami uwar a ƙofar gida da bokitin kununta cike, rana ta yi sama. Na yi sallama, ina buɗe baki ta ɗago ta dube ni, na ga ta gane muryar kafin in faɗi ko ni wane ne. Ba ta zage ni ba. Ta ce Baba ya zauna, ƙafarsa ba lafiya, ta tura mini benci. Da ta yi mini ihu da na fi samun sauƙi. 'Yar ta fito, budurwa mai shekara ashirin da 'yan kai, ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni ko na taɓa ganin yayanta. Na ce a'a. Ta tambaya ko na san sunansa. Na ce a'a. Sai ta ce to bari ta gaya mini maganar igiya, tun da ni masanin igiya ne.

Ranar da suka gudu, uwar ta aike ta ta kwance awaki don kada su mutu a ɗaure. Tana da shekara goma sha biyu, ana jin harbi daga bayan dutse, ta kwance uku ta ruga ta bar ɗaya mai ciki a turke. Sai da suka yi nisa ta faɗa. Yayanta ya ce su ci gaba, zai koma ya sake ta ya cim musu a bakin rafi. Ba su sake ganinsa ba. Ta ce tana zana igiyar a kwance ne domin ta gaya wa kanta cewa ya isa gida, ya yi abin da ya koma yi, ko ba komai akuyar ta tsira. Akushin kuwa gaskiya ne, uwarta tana rufe masa abinci har yau, da safe ta ba maƙwabta ko kaji, saboda babu wanda ya kawo musu gawa balle su kife shi. Ta ce su fiye da shekara goma sun kasa yanke hukunci a kansa, ni na yanke a hantsi ɗaya ina jiran tuwo.

Na roƙe ta ta bar ni in gaya wa unguwa wannan labarin, domin na san zai wanke su nan take. Ta ƙi. Ta ce na riga na ɗauki abin da ba nawa ba sau ɗaya, ba za ta ba ni na biyu in yi yawo da shi ba. In zan gyara, in gyara da abin da yake nawa. A hanyar komawa na yi ta tunanin me nake da shi, sai na ga abu biyu ne kawai: muryar da kowa ya riga ya sani, da girman da nake taƙama da shi. Na ƙudura zan kashe su duka biyun a kan wannan magana.

Na fara da jauro, wato mai unguwa. Na kunna masa saƙon a gaban mutanensa, da ya ƙare na yi magana don su ji murya ɗaya ce. Sannan na buɗe wayar na nuna musu yarinya tana kora gajimare da sanda, da dutse mai ƙafafu yana tsallaka kogi, na ce musu wannan shi ne dukan hujjata, ban san yaron ba, ban san gidan ba, tatsuniyar yara na karanta na yi mata fassara don a yaba mini. Wani dattijo ya yi dariya har da hawaye, ya ce da Fulatanci ashe Bappa, wato ni, zanen aljanu yake kallo da tsufansa. Wani ya tambaya ko gajimaren ma na yi musu allura. Na bar su suka yi dariyarsu, domin na lura duk wanda ya yi mini dariya ya daina tsoron matar. Jauro ya ce in bi gida gida, tun da maganar gida gida ta shiga.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina zuwa. In mai gida Bafulatani ne in yi masa da Fulatanci, in ɗan kasuwa ne da Hausa, wata malamar asibiti 'yar kudancin jiha na yi mata da Turanci, ta tambaye ni ko kunya ba ta kama ni ba, na ce ta kama, shi ya sa na zo. Wasu sun ce ai dole in janye tun da an matsa mini, maganar farko ita ce gaskiya. Waɗannan na koma musu sau biyu, ɗaya sau uku. Kowace safiya kafin in fara sai in zauna a bencin uwar in sayi kunu in sha a fili inda masu wucewa za su gani. Ba ta cika yi mini magana ba, sai dai ranar da gwiwar ta kumbura ta ce in miƙe ƙafar a kan bokitin da ba komai.

Mai gidan da suke haya ne ya fi wuya. Shi ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma ya ce mini ko da ƙarya ce, sunan gidansa ya riga ya fita. Saura kwana uku wata ya ƙare na koma da jauro da limamin unguwa. A gabansu na faɗi sunana da na mahaifina da unguwarmu a Yola, na ce in wani ya zo tambaya a kan gidan nan a kawo shi ƙofata, ni na ƙirƙiri maganar, ni zan amsa ta a ko'ina. Daga ƙarshe ya ce uwar da 'yarta su ci gaba da zama, amma in ya sake jin wani saƙo ni zai nema. Na ce ya neme ni.

Suna nan a ɗakinsu har yau. Masu sayen kunu sun dawo, ban da wasu gidaje biyu da har yanzu ba sa aiko yaransu, kuma ina sane da su, ban gama da su ba. Bayan wata biyu labarin zanen ya dawo. Na buɗe babin, na karanta har ƙarshe, sai na ga babu shafin shuni. Yarinyar ta kwanta, shafi na gaba gari ya waye. Haka babi na biye, haka na bayansa. 'Yan zauren suna ta kawo dalilai, wai mutanen toka ne suka sace mata mafarki. Ni kaɗai na san wanda ya sace, kuma wuri ɗaya da mai zanen take iya ajiye yayanta a raye ni na sa ta rufe shi.

Da izinin mai zanen na rubuto wannan, ita ta ce yanzu in faɗi maganar igiyar, ba tare da suna ba. Abin da na koya shi ne sanin da na tara a hanya gaskiya ne, dutsen shi ne, igiyar kuma kwance ta aka yi, amma daidai ɗin da na yi a ƙananan abubuwa shi ya sa aka yarda da ƙaryata a babban. Masu bin irin waɗannan labarai, ku yi musunku a kan gajimare da mutanen toka yadda kuke so, akwai daɗi. Amma ranar da fassararku ta fita daga shafi ta nufi ƙofar wani gida, ku tsaya, domin a garin nan akwai masu rufe akushi da yawa, kuma ba ku san dalilin kowa ba. Dattawa irina kuma, ku sani muryarmu tana tafiya inda ƙafarmu ba ta zuwa, kuma ana yarda da ita ko an yanke mata kai.

Ban fita daga zauren ba. Duk wanda ya fara tambayar ko mai zanen 'yar ina ce, ni nake fara tare shi, sun ma canja mini suna zuwa Baba Mai Gadi. Ranar Juma'a kuwa nakan karanta babi tun daga farko a hankali, ba na tsallakewa, amma na san shafin da nake jira. In ya dawo da launin shuninsa, zan kalle shi in rufe bakina.