Mai Awo da Littafin da Ruwa Ya Ci

Kawuna magini ne kafin ya faɗo daga kan gini ya karye a ƙugu. Da ya warke, ƙafar ta ƙi komawa daidai, hawa tsani ya gagara, sai ƙaramar hukuma ta ɗauke shi aikin auna gidajen ƙauyenmu don yanka haraji. Tun daga nan sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Awo.

Ba ya ɓoye wa kowa yadda abin yake. Duk shekara uku yakan zaga. Ya auna fili, ya ƙirga ɗakuna, ya duba bango na ƙasa ne ko na bulo. Ɗakin da aka ba haya ko aka mayar shago, kuɗinsa daban. Wanda ya rushe a soke shi. Shi dai awo ne nasa. Ofis ke yanka kuɗin, a aiko takarda, mai gida ya biya ya karɓi rasit. Wanda ya ga an cuce shi yana da wata guda ya kai kuka, a sake awo a gabansa.

Idonsa kuwa sai wanda ya gani. Zai tsaya a ƙofar gida, ya karkata kai, ya ce, "Ƙafa arba'in da biyu." A ja tef, arba'in da biyu cif. Wani tela ya taɓa tambayarsa, "To tef ɗin na mene ne?" Ya ce, "Naku ne, don hankalinku ya kwanta."

Ƙanin matarsa ya fasa bango ya buɗe shago, ya zo yana sosa ƙeya. "Yaya, taga ce kawai na faɗaɗa." Kawu ya leƙa ya ce, "Taga har da sikeli?" Ya rubuta shago. Kwana uku matar Kawu tana dire masa abinci ba ko sannu.

Wata damina iska ta yaye kwanon ofis, ruwa ya cika kabad. Babban littafin gidaje ya jiƙe sharkaf, tawada ta narke, shafuka suka manne. Sakatare ya tara mu masu gidaje ya ce masu awo daga birni ba za su samu zuwa ba sai bayan wata shida, don haka bana kowa zai biya kuɗi ɗaya. Wato gwauruwar da ke ɗaki guda ita da mai injin niƙa mai bene duk ɗaya.

Kawu ya dogara sandarsa ya miƙe. "Ranka ya daɗe, a ba ni kujera, kai kuma ka ɗauki biro."

Ya zauna ya rufe ido. Ya fara daga gidan da ke kusa da rijiya, ya bi layi gida-gida kamar yana takawa da ƙafa: tsawo, faɗi, ɗakuna, bango, wa ke haya. Muka yi cirko-cirko a taga, kowa na jiran a iso nasa. Da ya zo gidan da na gada a wurin mahaifina ya ce, "Ɗaki huɗu, na ƙurya ya zube bara, a soke." Ni kaina na manta ban kai rahoto ba. Wata tsohuwa a gefena sai salati take yi.

Kwana huɗu suka yi. Yatsun sakatare suka kumbura. Gida ɗari uku da goma sha shida, bai tsallake ko ɗaya ba.

Da masu awon birni suka iso da na'urarsu, mako uku suka yi suna bin lissafinsa. A gida ɗaya kawai suka sami bambanci: wani mahauci ya ƙara ɗaki a bayan gida, daga baya ma ya amsa cewa bayan ruwan ya gina shi. Shugabansu ya nemi a kai shi wurin Kawu, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Baba, a ina ka yi karatu?"

"A kan tsani," in ji Kawu.

Washegari ya ɗingisa har gidan mahauci. Ya dubi sabon ɗakin sama da ƙasa, ya girgiza kai ya ce bangon ma bai miƙe ba, a sa masa tokara kafin damina ta dawo. Mahauci ya sa.