Kujerar Rahmatu Mai Ƙuli-ƙuli

A Beli, zamanin Turawa, lokacin da gyaɗa take tashe, babu wanda bai san Rahmatu mai ƙuli-ƙuli ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka na san ta fiye da yadda take so. Mijinta ya rasu da wuri, da matsar mai da suya ta raini ɗanta Lado har ya zama yaron mota, yana bin lorin gyaɗa tsakanin Ƙaraye da Kano. Tsugunon gindin murhu kuwa ya cinye mata gwiwoyi.

Wata kaka sai ga Lado da doguwar kujera a kan lori, mai laushi, an lulluɓe ta da yadi ruwan madara, cikinta audugar rimi. Mu dai tabarma muka sani da kujerar tsuguno. Mata suka yi ta shigowa kallo, kowacce ta danna da yatsa ta ja baya. Shi kuwa ya kwana ɗaya ya koma bakin aikinsa.

Daga ranar Rahmatu ta sami abin yi. Ta ɗora ƙafafun kujerar a kan duwatsu saboda gara, ta rufe ta da zanen saƙi. Duk safiya ta kaɗe ta da sabuwar tsintsiyar da ba ta taɓa ƙasa ba, ran Juma'a kuma mu kama mata a fitar da ita ta sha iska a inuwa. Kaza ba ta isa ta leƙa ɗakin ba. Ita kanta a ƙasa take zama, ta jingina da bango, wai zanenta duk maiƙo ne. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai dai ta ce, "So nake mai kujera ya zo ya tarar da ita yadda ya bar ta."

Da salla yayanta Malam Shitu ya zo daga Rogo, cikin sabuwar riga da ta sha shuni tana ƙyalli. Ya yaye zanen, ya zauna, ya baje. Wa zai ce wa yaya tashi? Rahmatu tana "Yaya, ina gajiya, ya mutanen gida," idonta na kan kujera. Da ya miƙe, ga shatin bayansa nan kwance a kan yadin, shuɗi shar.

Sai ta yi abin da kowaccenmu za ta yi da tufa. Ta ɗauko sabulun salo, ta kwarara ruwa tulu guda, ta dirje. Shunin ya bazu har hannun kujera, ruwan ya shige cikin auduga ya yi zamansa. Kafin mako ya zagayo ɗakin yana warin ruma. Na tarar da ita tana hawaye, kuma wallahi tausayinta ya kama ni, ko da yake dariya na cina.

Liti marini muka kira. Ya shinshina, ya ce, "Inna, kujera ba a yi mata wanka. Kumfa kaɗan a tsumma, a goga, a busar nan take. Wannan kam shuni ya riga ya kama." Ya farke ɗinkin, muka zubar da ruɓaɓɓiyar auduga, muka cusa sabuwa. Yadin kuwa ya tafi da shi marina, ya tsoma shi gaba ɗaya, ya ɗauraye har ya daina zuba. Kujera ta dawo shuɗiya, ta yi kyau, amma Rahmatu ba ta da sukuni. Me za ta ce wa mai kujera?

Da Lado ya dawo ina tsakar gidan. Bayan sun gama gaisawa ta fara kame-kame a kan launi. Bai ma saurara ba. Ya danna kujerar da tafin hannu nan da can, ya ji ta tsam kamar ranar da ya sauke ta, sai fuskarsa ta canja.

"Inna, ba ki taɓa zama a kanta ba?"

"Da wannan maiƙon nawa?"

"Don gwiwarki na ɗauko ta tun daga Kano," in ji shi. "Da don kallo ne, ai da madubi na sayo."

Ya kama hannunta ya zaunar da ita. Ta ɗosana a baki-baki kamar baƙuwa, can sai ta jingina, ta miƙe ƙafa, ta ce, "Wash! Ashe haka take."

Ta ci gaba da kaɗe ta duk safiya da goge ta da kumfa har ƙarshen rayuwarta. Amma gefen hagu ya lotsa daidai jikinta, hannun kujerar ya yi duhun man gyaɗa, kuma ko bayan rasuwarta Lado bai yarda kowa ya goge wurin ba.