Hudar Bargon Sirace

Shekarata tara a daminar da aka haifi ƙanwata. Inna, mahaifiyata, ta tafi gidansu a Auyo tun cikin yana wata bakwai, saboda ya wahalar da ita, aka bar ni a Haɗejiya wurin kakata ta wajen uba, Kaka Falmata. Wata biyu cur ban sa Inna a ido ba. Ni ɗan fari ne, ko tana nan ba ta kiran sunana, ba ta kuma jana a jiki a gaban mutane, amma na yi kewarta har abinci ya daina yi min daɗi.

Ranar wata Juma'a aka aiko da labarin haihuwa, suna kuwa sai Juma'a ta sama. A makon ne mura ta kwantar da ni, kuma ni na jawo wa kaina, don na wuni cikin ruwan fadama muna kamun tarwaɗa. Hancina ya toshe ƙam, goshina ya yi nauyi, ƙasan idanuna na zogi. In na yi sujada sai in ji kamar fuskata za ta zubo a kan tabarma. Baba ya dube ni ya yanke hukunci: ruwa ya cinye hanya, sai an shiga kwale-kwale da sanyin safiya, kuma ba a kai wa jaririya mura. In ban warware ba zuwa Alhamis, a gidan maƙwabta za a bar ni.

Kaka ba ta yi masa musu ba, tukunya kawai ta ɗora. Da safe ta kan sa ni shaƙar ruwan ɗumi mai ɗan gishiri in fyace, yadda ake yi a alwala. Da rana ta gasa min goshi da kumatu da tsumma mai ɗumi, ta ɗura min ruwan citta da kanumfari, in zan kwanta ta ƙara min matashi. Duk wannan na yarda da shi. Abokin gabana shi ne sirace. Bayan magariba sai ta tafasa ganyen darbejiya da na lemun tsami, ta sauke tukunyar a gefen murhu ta ɗan huce, ta zaunar da ni a gabanta, ta lulluɓe mu ni da tukunyar da wani tsohon bargo.

Bargon nan yana da huda inda garwashi ya taɓa ƙona shi. Tun daren farko na gano ta. Sai in juya wa tukunyar ƙeya, in liƙa hancina a hudar ina shan iska mai sanyi, in riƙa ɗan tari don a san ina aiki. Dare biyu ina haka, ina ganin duk Haɗejiya babu mai wayona. Ciwo kuwa yana nan inda yake.

Daren Talata 'ya'yan baffana suka taru a bakin murhu kamar kullum, ana yayyafi a waje, hayaƙi na korar mana sauro. Aka rufe ni, na nufi hudata. Ban ankara ba sai na ji yatsu biyu sun damƙe min hanci ta waje.

"Yau na kama tarwaɗa," in ji Kaka. "Maigida, ashe tun shekaranjiya bargona kake yi wa sirace?"

Yara suka kwashe da dariya, ni kuwa na fashe da kuka, na ce zafi ne ba zan iya ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta tattare wajen hudar ta danne da gwiwarta, ta zuro hannu ɗaya ta riƙe kunnen tukunyar don kada in ture ta in ƙone. Sannan ta ce ga wata tatsuniya ta fito daga kogi jiƙe sharkaf, wa zai ba ta wurin shanya? Yara suka ce su ne. Ni ma daga cikin bargo na amsa da toshasshiyar murya.

Wai an yi wani masunci mai gajen haƙuri, wanda mahaifiyarsa ke zaune a tsallaken kogi. Ya kama kifi cike da jirgi, ya yi niyyar ya yi banda ya kai mata. Wata tsohuwa ta haɗa masa wuta, ta jera kifin, ta rufe da tabarma. Ta gaya masa cewa Hayaƙi baƙo ne mai kunya, ba ya aiki ana kallonsa, kada ya ɗaga tabarmar sai ya ji shiru. Tsohuwa na ba da baya ya ɗaga ya leƙa. Hayaƙi ya ce tunda an buɗe masa ƙofa bari ya je ya gaida gajimare, ya yi sama. Masunci ya ƙara itace, wani Hayaƙin ya zo, ya sake leƙawa, shi ma ya tafi. Kwana uku yana sallamar baƙi har itace ya ƙare. Kifi bai bandu ba, bai kuma zauna ɗanye ba. Haka ya loda shi a jirgi, ƙudaje na yi masa rakiya, ungulu na biye. Kafin ya kai tsakiyar kogi wari ya ishe shi ya zubar da shi duka, ya isa gaban mahaifiyarsa da kwando wayam.

A nan Kaka ta datse tatsuniyar. Na tambaya daga ciki me mahaifiyar ta ce masa.

"Ja numfashi goma ta hanci, a hankali, sai in gaya maka."

Na ja. Gumi na zuba, idona na ruwa, a wajen na bakwai na ji wani abu ya saki a goshina, hanci ya fara zuba. Da ta yaye bargon ta goge ni, ta naɗe min kai, ta ce mahaifiyar cewa ta yi ya koma ya sake kamowa. Na ji haushin wannan ƙarshe ƙwarai, amma a daren na yi barci bakina a rufe.

Laraba da Alhamis ni da kaina na riƙa tuna mata tukunya. Baba ya sa na sunkuya na ɗago, ya saurari numfashina, ya ce in nemo hulata. Da muka isa Auyo na tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Inna ba ta dube ni ba, ta dai tambayi Kaka ko yaron nan yana cin abinci. Wannan ya ishe ni.

Na daɗe ina ɗauka darasin daren nan haƙuri ne kawai, wato magani ba ya aiki ga mai leƙe. Gaskiya ne, har yau haka nake gaya wa 'ya'yana in mura ta danne su, ko da yake in zazzaɓi ya shigo ko ciwo ya ƙi tafiya asibiti muke nufa. Sai bayan rasuwar Kaka na san sauran. Muna zaman makoki Inna ta gaya wa wata ƙanwarta, ina jin su, cewa a makon sunan nan Kaka ta aika mata saƙo ta bakin mai kwale-kwale. Jaririyar nan sunan Kaka za a sa mata, takwarar da ta shekara tara tana jira. Amma ta ce a gaya wa mai jego ta yi haƙuri: in yaron nan bai warke ba, ita ma ba za ta zo ba, don ba za ta bar shi a gidan maƙwabta yana kallon hanya shi kaɗai ba.