Kofin Kunun Eufemia

A garinmu, can arewacin New Mexico, in lokacin girbi ya yi, kowa wajen Eufemia Archuleta yake kai buhun koren barkononsa ta gasa masa. Gajeriyar mace ce mai baki kamar reza, amma idonta ya fi bakin kaifi. Ƙamshin gashin nan da ke sa mu haɗiyar yawu, shi ke tona asirin ƙaramin ciki. Da ta ga mace ta toshe hanci ta ja da baya, sai ta dubi fuskarta, ta dubi yadda riga ta matse mata ƙirji. Kunun shuɗiyar masara take zubawa a wani tsohon kofi ta miƙa mata, kowa kuma ya san fassarar kofin nan. Maza har tsokanarta suke yi: "Eufemia, ki rufa mini asiri, 'ya'yan da ke gida ma sun ishe ni."

"Ni na aike ka?" in ji ta.

Bana sai ga Ofelia, 'yar marigayiya ƙanwar Eufemia, matar da ta daɗe da fid da ran haihuwa. Ta rame, ga kasala, ga amai kullum safiya. Haka ciwon da ya kashe uwarta ya faro, shi ya sa ta ƙi asibiti, wai gara kada ta ji. Tsoron nan Eufemia ma yana cin ta, don haka ba ta yi garaje ba. Kuskure a nan ai zalunci ne. Ta dai zuba ido. Ofelia ta yi ta zarya zuwa bayi, ta yi gyangyaɗi a kan buhu, ta tsotse lemon tsami da gishiri kamar alewa. Ana kunna wutar gashi kuwa ta ruga bayan motar Eufemia tana amai.

Eufemia ta kashe wutar, masu layi na ta gunaguni, ta ɗauko kofin.

"Inna, kar ki yi mini haka," in ji Ofelia. "In ba shi ba ne fa?"

"In ba shi ba ne, tare za mu ji. Shanye ki shiga mota, raguwa kawai."

Ashe kuwa cikin ne. Da suka dawo daga asibiti, Eufemia ta wanke kofin, ta daɗe tana riƙe da shi. Shekara da shekaru tana miƙa wa matan gari shi, ita ko sau ɗaya ba ta taɓa samun dalilin sha a ciki ba. Ranar dai ta cika shi ta kafa kai, ta ce mai raino ma ai tana da rabo.