Ɗakin da Aka Ɗauke Mai Shi

A unguwarmu ta Sa'alaba, idan motar kame ta ɗauke mutum, ba ma barin ɗakinsa ya mutu. Maƙwabta ne ke kunna mukayyif mai sanyaya ɗaki, su canja shanya, su ajiye takalmi a bakin ƙofa. In mai gida ya gane babu kowa, kafin la'asar kaya suna titi.

Maƙwabciyata a nan Jidda aka yanke mata cibiya, uwarta ma haka. An tsayar da bas ɗin da take ciki a Bani Malik, aka bi fuskoki, aka sauke baƙaƙe. Wadda ta gani ta ce farar matar da ke kusa da ita ko kallo ba a yi mata ba. Aka kai baiwar Allah ƙasar da ba ta taɓa takawa ba.

Ni na riƙe makullin. Da hantsi in shiga, in sa turare, in fito. Ba na daɗewa. Sanyin ɗakin da ba mutum daban yake.

Wata azahar mai gida ya hawo, tsoho ne ɗan Hijaz, da kwaɗo a hannu.

"Ya Hajja, halas, zance ya ƙare. Na san an tafi da ita. Daga yau ba ni ba Takari."

Na tare ƙofa. Na ce, "Ya Shehu, ban yi karatu ba. Amma kakata, wadda ta tako ƙasar nan da ƙafa, ta gaya mini: da Makka ta matsa wa Sahabbai, a gaɓar nan suka shiga jirgi. Wa ya karɓe su? Sarki baƙar fata, a Habasha. Ya duba fatarsu?"

"Wancan zamani daban."

"Tekun ma an canja shi?"

Ya yi dariya. "Wannan bakin naki, ko alƙali sai ya gudu. Yalla, matsa."

Ya ɗaga kwaɗon. Sai muka ji an buɗe famfo a ciki. Ruwa yana zuba a buta, ƙarar tana siririncewa har ta cika, aka rufe. Ni dai da hannuna na kulle ɗakin nan.

Tsohon ya dube ni. Ya matso ya yi wa ƙofar sallama a hankali. Ba a amsa ba. Ya sa kwaɗon a aljihu, ya sauka yana dafa bango.

Kayanta suna nan, ba wanda ya taɓa ko cokali. Ni kuma, in zan shiga, sai na ƙwanƙwasa na ɗan jira.